Nauyin Kunkuru

Kadina, 3 ga Yuli

Athol,

Ina gaishe ka, tunda haka aka koya mana a gida. Ina fata ƙirjinka ya yi sauƙi da sanyin nan, kuma karen naka bai mutu ba tukuna.

Sau huɗu na kira ka a waya. Sau huɗu kana ɗauka kana ihun "Wa ke nan? Wa ke nan?" sannan ka kife min. Shekara arba'in kana tsaye kan injin kwance taya ba abin toshe kunne, ga sakamakon nan. To ga takarda. Idanunka dai na san suna aiki, don sun iya ganin laifin kowa.

Ba zumunci ya sa na rubuto ba. Mutumin da bai zo jana'izar mijin ƙanwarsa ba, daga Quorn zuwa Kadina, tafiyar awa biyu da rabi, ba shi da bakin maganar zumunci. Katin da ka aiko na gani. Sunanka kawai ka sa a ƙasa, kamar mai karɓar saƙo a gidan waya.

Ga abin da ya kawo ni. Mijina Lindsay ya bar wasiyya a ƙona gawarsa a kai tokar bakin kogin Cooper, gaba da Innamincka, ƙarƙashin itatuwan nan inda muke sauka kowace shekara. Yana nan cikin gwangwani a kan firji tun watan Mayu, kusa da tulun biskit, kuma na gaji da ganinsa a can. Ni zan kai shi da kaina, cikin Kunkuru. Kada ka ce ka manta Kunkuru, motarmu mai gado da kicin a ciki, wadda ka taɓa cewa ta fi gidanka tsabta. Dole in tashi kafin ƙarshen Satumba, in ba haka ba zafi ya rufe hanyar sai baɗi, ni kuwa shekarata sittin da tara, ba na yi wa baɗi alkawari.

Cheryl ta ce ba zan iya ba. 'Yar da na haifa! Wai, "Mama, shekara shida ba ki taɓa sitiyarin motar nan ba, kin san abin da ya faru." Na san abin da ya faru mana, ni ke tuƙi. Har ta samo mai saye daga Adelaide. Abin da muka tsayar shi ne, in wanda ya san aiki ya sa hannu cewa tayoyin za su kai ni su dawo da ni, za ta saki makullin. In ba haka ba a sayar da motar, a watsa ubanta a teku a Wallaroo, wai ai ruwa duk ruwa ne. Kuma duk faɗin jihar nan kai kaɗai ta yarda da kai. Ka ji rashin sa'ata.

Tayoyin da ke ƙafarta sababbi ne fil, zanensu ko gogewa bai yi ba, don tun da Lindsay ya sa su bayan haɗarin sau uku kawai muka fita. Amma don a rufe bakin kowa, na ga wasu a takardar talla, wai na kowane yanayi, rani da damina, da ɗan hoton dutse da ƙanƙara a jikinsu. Na yanko na sa maka a ciki. Ka rubuta "sun yi", ka sa hannu, ka aiko. Layi ɗaya nake so, ba huɗuba ba.

Ƙanwarka, ko ka so ko ka ƙi,
Noelene

*

Quorn, 9 ga Yuli

Zuwa ga ƙanwata Noelene,

Bayan gaisuwa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Cheryl da iyalinta. Wasiƙarki ta iso ranar Talata. Kare yana nan da ransa, na gode da tambaya. Maganar jana'iza ba zan taɓa ta ba.

Ba zan sa hannu ba.

Na duba takardar da kika yanko. Wannan hoton dutse da ƙanƙara alama ce ta cewa tayar tana riƙe hanya cikin dusar ƙanƙara. An yi ta ne don ƙasashen da ake share ƙofar gida da shebur kafin a fita. Yaushe rabon da dusar ƙanƙara ta sauka a Innamincka? In kin gani ki ɗauko min hoto. Yanayinsu daban, namu daban. Namu shi ne kwalta mai zafin soya ƙwai, da gargadar da ke zubo wa mutum haƙoran roba daga baki, da duwatsu masu kaifi da ke yanka taya ta gefe, sannan in an yi ruwan awa ɗaya, jar laka ta kama ƙafa. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, tayar ƙaramar mota ce. Kunkuru ba ƙaramar mota ba ce, gida ne aka ɗora wa ƙafa huɗu.

Waɗanda kike kira sababbi fil kuma, ba da zane ake sanin shekarun taya ba. Motar da ke tsaye ta fi mai tafiya cin taya, don rana tana dukan gefe ɗaya kullum, robar tana bushewa. Ki durƙusa ki nemi wasu lambobi huɗu cikin ɗan zagaye a gefen tayar. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ki rubuto min su. Ki kuma bi da yatsa kusa da ƙarfen, ki gaya min abin da kika ji.

Abu na ƙarshe, shi ne babba. Ki cika tankin ruwa, ki sa tukunyar gas da abinci da duk abin da za ki tafi da shi, ki shiga, ki kai ta sikelin manyan motoci da ke rumbun alkama. Ki ce a auna ƙafafun gaba daban, na baya daban. Tun da nake aiki ban taɓa zaɓar wa mota mai ɗaki taya ba sai na ga takardar sikeli. Sau ɗaya aka nemi in yi, na ƙi, kuma kin san wanda ya nema.

In takardar ta zo zan faɗa miki tayar da za ki saya.

Ki huta lafiya.
Yayanki,
Athol Treloar

*

Kadina, 16 ga Yuli

Athol,

Gaisuwa. Na ce layi ɗaya, ka aiko min da shafi biyu, har da cikakken sunanka a ƙasa, wai Athol Treloar, kamar ban san gidan da ka fito ba.

Na durƙusa kamar yadda ka umarta, ranka ya daɗe, har sai da Trevor maƙwabcina ya tsallako shinge ya ɗaga ni. Lambobin su ne 3116. Da na bi da yatsa na ji 'yan tsage-tsage. Ka ji daɗi? To na yarda a canja, ai ni na fara kawo maganar. Ka faɗi tayar kawai.

Sikeli kam ba za ni ba. Nauyin motar yana rubuce a jikin ƙofa, Lindsay ya sha nuna min. A kan wannan sikelin naka kuka ɓata shekara tara da suka wuce, ban manta ba. Ya zo shagonka da farin cikinsa zai sa taya, ka tsaya gaban mutane kana ce masa mai kan kabewa, wai ba za ka sa wa gida takalmin yaro ba. Ya fita ya je wani wuri aka sa masa. Tun daga ranar ka ɗauki mijina ka sa a baki. Yanzu ya mutu ma ba za ka bar shi ya huta ba, sai ka ci nasara a kan gwangwani.

Kuma bari in faɗa maka abin da ba ka tambaya ba, tunda kai ba ka tambayar kowa komai. Kana cewa "ki shiga ki kai ta" kamar aiken sayen madara. Jiya na karɓi makullin wurin Trevor, don a hannunsa Cheryl ta bar shi, na shiga na zauna. Ko kunnawa ban yi ba na fito na mayar masa. Har yau ina jin ƙarar nan, gaba da Lyndhurst, tayar baya ta hagu ta fashe, motar ta juya ta kwanta cikin rami, kwanuka suna zubowa, Lindsay yana ihu da ƙugunsa a karye. Ya ce na sauka gefen hanya ne na taka duwatsu masu kaifi. Ni ban tuna na sauka ba, amma shi ya fi ni sanin hanya. Shekara shida yana ɗingishi. Duk inda aka taru ana gasa nama sai ya bubbuga ƙafar da sandarsa ya ce, "Wannan kyautar Noelene ce," a yi dariya, ni ma in yi. Ba da mugunta yake faɗa ba, haka yake da barkwanci. Amma ni na gurgunta mijina, kuma da wannan nake kwana nake tashi.

Shi ya sa zan kai shi da hannuna. Ko wannan ɗin in yi masa daidai. Sau ɗaya zan iya tilasta wa kaina tuƙin nan, ba zan ɓata shi a kan zuwa rumbun alkama don wani kurman tsoho ya ji daɗi ba.

Ka faɗi tayar.

Noelene

*

Quorn, 22 ga Yuli

Zuwa ga Noelene,

Ina gaishe ki, ina kuma yi wa Trevor godiya.

3116 na nufin shekararsu takwas. Shekara shida da saya, ke nan tun a shago sun yi shekara biyu a kwance. Ban yi mamaki ba.

Abin da ke rubuce a jikin ƙofa nauyin da aka yarda motar ta ɗauka ne, ba nauyin da take ɗauke da shi ba. Wannan na faɗa wa mijinki, kuma har gobe ban janye kan kabewa ba.

Kin ce sau ɗaya za ki iya tuƙi. Wadda ba za ta iya kilomita uku zuwa rumbun alkama ba, ta yaya za ta yi kilomita dubu? In kin ƙi, ni da kaina zan rubuta wa Cheryl in ce ta sayar. Ki zage ni yadda kike so, ba ji nake ba.

Ki fita da safe kwalta na da sanyi. Ki bi ta bayan filin ƙwallo, ba motoci. Kada ki wuce arba'in.

Ki auna ta, Nolly. Ba don tayar kaɗai nake faɗa ba.

Yayanki,
Athol

*

Kadina, 31 ga Yuli

Athol,

Ba gaisuwa yau. Ka karanta.

Na je. Don tsabar haushinka na je, ina tuƙi ina zaginka da ƙarfi har rumbun alkama, ashe zagi maganin tsoro ne. Glenys ce ke kan sikelin, wadda muke wasan gara ƙwallo a ciyawa tare. Ta auna gaba, ta ce lafiya. Na matsa ta auna baya. Sai na ga ta leƙo ta taga ta ce, "Noelene, gawar wa kika ɓoye a ciki?" Na ce ta Lindsay, amma kilo biyu da rabi ne. Ta ce, "To in ba shanu kika loda ba, sikelina ya haukace." Ta sake aunawa. Kilo dubu biyu da ɗari shida da ashirin a ƙafafun baya kawai. Ta fito da kanta ta duba lambar da ke jikin tayar, ta ce su biyun dubu biyu da sittin aka yi su su ɗauka. Ta ce, "Ki koma gida a hankali, 'yar'uwa, kamar mai ɗauke da ƙwai."

Na dawo na fitar da komai. Kujeru, kwanuka, injin wuta, duk ban ga abin da zai yi wannan nauyi ba. Na ɗaga katifa, na ɗaga katakon gado, ba komai sai barguna. Sai Trevor ya ce, "Ƙasan nan ya yi tudu da yawa." Ya ƙwanƙwasa. Ya ɗauko sukudireba.

Athol, duwatsu ne.

Ka san halinsa, duk inda muka sauka sai ya tsinci dutse. Tun shekarar farko na ce masa ba za a mayar min da gida wurin fasa dutse ba, ko ni ko duwatsu. Ya ce to, ya daina. Ashe ɓoyayyen ma'aji ya yi wa motar a ƙasa, daga ƙarƙashin gado har bayan tankin ruwa, ya shimfiɗa tsofaffin tawul don kada su yi ƙara. Kowane dutse da farin fenti a jikinsa, sunan wuri da kwanan wata, da wannan rubutun nasa mai kwanciya. Wasu kamar dunƙulen hannu, wasu sai Trevor ya sa hannu biyu. Ɗari uku da goma sha ɗaya muka ƙirga. Muka loda a akori-kurarsa muka koma wurin Glenys. Kilo ɗari huɗu da goma!

Da farko dariya na yi, har na zauna a ƙasa. Na ce kai Lindsay, ɓarawon duwatsu. Sai na fara karanta kwanakin. Na jera su a ciyawa, shekara bayan shekara. Na ƙarshe wani ja ne mai faɗi, an rubuta Lyndhurst, da ranar haɗarin. Da safiyar ranar ya tsince shi, ina dafa masa shayi. Bayansa babu ko ɗaya.

Ke nan duk suna ciki ranar. Duk ɗari ukun suna kwance a kan tayar baya lokacin da nake tuƙi, cikin zafin rana, a kan irin tayar da ka ƙi sa masa. Kuma da aka gyara motar ya mayar da su, ko ma bai taɓa fitar da su ba.

Na sake karanta wasiƙarka. "Ba don tayar kaɗai nake faɗa ba." Me ka sani? Kada ka yi min huɗubar roba. Ka faɗa min me ka sani, kuma tun yaushe.

Noelene

*

Quorn, 6 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Noelene,

Ina gaishe ki, ko da ba ki so.

Maganar duwatsu ban sani ba, na rantse. Sauran na sani.

Wata biyu bayan haɗarin Lindsay ya zo nan gida da sandunansa, wani ya kawo shi a mota, da fasasshiyar tayar a but. Ya ce in duba. Na juya cikinta. Babu yankan dutse ko ɗaya. Robar ciki ta dahu ta zama gari, wayoyin sun rabu da juna zagaye guda. Taya ba ta yin haka sai an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ta yi ta zafi har ta saki. Ko a tsakiyar hanya kike, ko shi ke tuƙi, ko ni, a ranar za ta fashe. Ba ki sauka gefe ba. In ma kin sauka, ba shi ya fasa ta ba.

Na faɗa masa haka. Ya daɗe yana kallon tayar. Ya ce, "Ni zan gaya mata, bari in warke." Na ce to.

Kin tuna Kirsimetin da na zo gidanku na tashi ana tsakiyar cin abinci, kika ce na wulaƙanta ki gaban baƙi? A lokacin ina ɗan ji da kunnen dama. Na ji ya ce kyautar Noelene. Na ga kin yi dariya. In na zauna minti ɗaya zan fasa masa faranti a kai, shi ya sa na fita. Jana'iza kuma, ba zan iya zama ana yabonsa ba.

Za ki ce me ya hana ni faɗa miki. Ranar da muka ɓata da shi a shago kin zo kin same ni kin ce, "Kada ka ƙara sa baki a aurena." Na riƙe wannan maganar. Na ce wa kaina umarninki nake bi. Ƙarya ne. Fushi nake, ina jira ki zo da ƙafarki ki tambaye ni. Ban san da abin kike kwana kike tashi ba sai da na karanta wasiƙarki, amma ya kamata in sani. Ko wancan karon ma na kasa rubutawa, na tura ki sikeli ya faɗa miki a madadina. Tayar tana nan a rumfata, ban yar ba.

Yanzu aiki. Ba duwatsu, bayanki zai zama dubu biyu da ɗari biyu da goma. Ki sayi tayar motar kaya, mai kaurin gefe, mai zanen kwalta da burji duka, wadda lambar nauyinta ba ta gaza 116 ba, in da 121 ya fi. Guda biyar, har da safaya. Ki sa su nuna miki lambobin nan huɗu a kowace, in ba ta bana ba ce ko ta bara, ki ƙi. Iska ana dubawa da safe kafin a motsa. In kin bar kwalta ki rage mata kaɗan, ki rage gudu sosai. Na rubuta adadin a ɗan kati, ki liƙa kusa da sitiyari.

Ba na neman komai.

Yayanki,
Athol

*

Kadina, 19 ga Agusta

Athol,

Kwana goma ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don abin da ke fitowa ba ya aikuwa ta gidan waya.

Shekara shida! Ku biyu, manyan maza masana taya, kuka zauna a rumfa kuka yanke abin da ya dace in sani. Ɗaya ya ji kunyar cewa ya yi kuskure, ɗaya yana jira a zo a durƙusa masa. Ni kuma ina can ina ɗaura masa igiyar takalmi kowace safiya ina ba shi haƙuri a zuciyata. Ka san ko motar cefane na daina tuƙawa in da jikokina a ciki? Ka san sau nawa na ce wa Cheryl kada ta ba ni yaranta, hannuna ba shi da kyau? Wai ba ka neman komai. To me za ka nema, ai ka riga ka ci.

Shi kuma na sauke shi daga kan firji. Yana gareji, kusa da gwangwanin fenti. Daren farko na yi niyyar kiran Cheryl in ce ta zo ta watsa shi a Wallaroo, ko a bayan rumbun alkama ma oho. Da gari ya waye na fasa. Zan kai shi. Amma ba bashin ƙafa zan je biya ba kuma, ina da magana da shi, kuma a can zan yi ta.

An sa tayoyin jiya, 121, guda biyar. Mai shagon ya so ya liƙa min ɗaya ta shekara uku, wai "Duk ɗaya ne, uwa." Na ce, "Uwarka tana gida. Juyo min lambar in gani." Ya koma ciki ya canjo. Na wuce wurin Glenys, takardar sikeli tana cikin ambulan ɗin nan. Ka rubuta wa Cheryl, ka gaya mata duka, ba taya kaɗai ba. Da bakinka za ta ji wane ne ya karya ƙugun ubanta.

Ranar Asabar Trevor zai zo Quorn da akori-kura. Na ce ya juye maka duwatsun a ƙofar gida. Kai ma ka ɗan ɗauka ka ji.

Zan wuce ta garinku ranar tara ga Satumba. Ka ajiye min tayar nan a bakin titi, ina so. Kada ka dafa komai, ba tsayawa zan yi ba.

Noelene

*

Quorn, 26 ga Agusta

Zuwa ga Noelene,

Gaisuwa. Duwatsu sun iso. Sun toshe ƙofa, sun karya akwatin wasiƙa, yanzu ta kan shinge ake miƙo min saƙo. Ban taɓa su ba.

Na rubuta wa Cheryl duka, na sa hannu.

Sabuwar taya tana so a sake ɗaure notinta bayan tafiyar farko. Daga Kadina zuwa nan ya isa. Minti goma ne. Ba sai kin fito ba, ba sai kin yi magana ba, in kin yi ma ba ji zan yi ba. Zan tsaya a bakin titi tun ƙarfe takwas.

Yayanki,
Athol

*

Innamincka, 14 ga Satumba

Athol,

Ina gaishe ka. Notin da ka ɗaure ba wanda ya motsa. Pastin nan, burodi mai nama a ciki, da ka tura min ta taga kuma gishiri ya yi yawa, Mama ba haka take yi ba. Na cinye.

Na same wurin. Na ajiye tsohuwar tayar a ƙarƙashin itacen, na sa gwangwanin a tsakiyarta, na zauna a kujera na faɗa masa duk abin da ke bakina. Awa guda cur, har tsuntsaye suka tashi suka bar mana itacen. Sannan na zuba shi inda ya ce. Na yi kuka, kuma na ji haushin kukan. Ban tsinci dutse ba.

Zan biyo ta Quorn ranar ashirin da uku. Ka buɗe hanya a ƙofar nan daidai wucewar mutum ɗaya, ka ɗora ruwan shayi. Ban ce na yafe ba.

Kilomita ɗari huɗu da ɗoriya daga Lyndhurst, Athol, ni ke tuƙi. Ban sauka gefe ko sau ɗaya ba.

Ƙanwarka,
Nolly